Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga likitocin ƙoda da masu yin dashe: dan Allah ku riƙa faɗa mana cewa ciwon yana iya dawowa

Assalamu alaikum likitocinmu, da nas-nas, da duk wanda yake da hannu a harkar dashen ƙoda, tun daga mai ɗibar jini a lab har zuwa babban likitan da yake tsayawa a kanmu a ɗakin tiyata.

Na daɗe ina so na rubuta muku takardar nan, sai na fara sai na goge, saboda bana so ta fito kamar ina zagin mutanen da suka yi ta fama da ran ƙanina dare da rana, wallahi har gobe ina muku addu'a. Ni ce na bayar da ƙoda. Ta hagu aka cire min aka sa wa ƙanina, uwa ɗaya uba ɗaya, bayan ya yi sama da shekara biyu ana masa wankin ƙoda sau uku a sati, awa huɗu-huɗu yana kwance jikin inji, yaron da bai kai shekara 25 ba amma in ya dawo daga wankin nan ko takalminsa ba ya iya cirewa da kansa. Da aka ce jininmu ya dace ban tsaya wani tunani ba, kuma ko yau aka sake tambayata amsar ɗaya ce.

Washegarin tiyata fitsari ya yi ta zuba a jaka, nas tana zuwa tana juyewa tana murmushi, kiriyatinin ɗinsa, wato lambar dattin da ake aunawa a jini don a san yadda ƙoda take aiki, da yake can sama ya yi ta sauka kullum, ni ina ɗaya ɗakin da ɗinki a ciki ana kawo min labari ina kuka. A kwana na biyar na lallaɓa na je wajensa, na tarar fuskarsa ta ɗan tasa, ƙasan idonsa ya kumbura, nace ko barci ne ya masa yawa. Sai ya kalle ni yace "Yaya, fitsarin nan kumfa yake yi, irin na da ne." Shi ya fara ganewa kafin kowa a asibitin, mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo, tun yana ɗan shekara 15 ya san kumfar nan. Aka auna fitsari aka ga furotin yana zuba ba kaɗan ba, aka yi bayofsi, wato aka sa allura aka gutsuro ɗan naman sabuwar ƙodar aka duba, sannan ne fa wani likita ya zauna a bakin gado ya ambaci haruffa huɗu, FSGS, ciwon da yake sa tabo a matatan ƙoda har furotin ya riƙa zuba a fitsari, yace ciwon da ya cinye ƙodojinsa na asali ne ya dawo ya kama tawa.

Sunan nan yana cikin fayil ɗinsa tun shekaru, an taɓa masa bayofsi yana yaro, takardar tana nan mun kai ta da hannunmu. Ba zan ce ba a rubuta komai a takardar da muka sa hannu ba, ƙila akwai layi ɗaya a cikin shafukan nan da aka miƙo mana muna rawar jiki. Amma an zaunar da mu sau nawa a kan jiki zai iya ƙin ƙodar, an yi mana bayanin magungunan danne garkuwar jiki har na haddace sunayensu, an ja mana kunne a kan ƙwayoyin cuta da cunkoson jama'a da wanke hannu, babu wanda ya taɓa kallon idonmu yace ku sani fa, a irin ciwon nan nasa kusan mutum 1 cikin 3 yana dawo musu, wani ma cikin awoyi ko kwanaki. Wannan maganar kaɗai na zo nema a takardar nan.

Kun san me rashin faɗarta ya yi mana? Kwana uku ni da ƙanina ba ma iya haɗa ido. Ni a raina ƙodata ce ba ta da kyau, na ɗauko ruɓaɓɓen abu na sa masa, har ina tuna duk wani maganin ciwon kai da na taɓa sha a rayuwata ina cewa ko shi ne. Shi kuma ashe a nasa ran cewa yake ya ɓata min ƙoda a banza, ya bar ni da guda ɗaya, daga baya ya faɗa min har addu'a yake Allah Ya ɗauki ransa kafin na gane. Mahaifiyarmu tana tsakiya ta rasa wanda za ta rarrasa. Duk wannan da minti goma na bayani kafin tiyata da bai faru ba, ciwon zai dawo ɗin dai in Allah Ya ƙaddara, amma da ya same mu mun san sunansa mun san ba laifin kowa bane.

Sai da na koma na yi ta karatu da tambaya kafin na fahimci abin da ku kuka sani tun kuna makaranta. Ƙoda kamar rariya ce, kowace ɗaya tana da ƙananan matatai wajen miliyan ɗaya, suna riƙe furotin da ƙwayoyin jini su bar ruwa da datti su wuce. Wani ciwon a jikin rariyar yake, in an sauya ta shikenan an rabu. Wani kuma abin da ke yaga rariyar a cikin jinin da ke bi ta cikinta yake, toh ko sabuwa fil aka kawo ai jinin nan dai zai bi ta kanta. Kuma wannan daban yake da jiki ya ƙi ƙoda, can garkuwar jiki ce ta ga baƙuwa ta far mata, nan kuwa tsohon ciwo ne ya tarar da sabon wuri. Mu talakawan marasa lafiya duk ɗaya muke ɗaukarsu, in aka ce ƙoda ta samu matsala sai mu ce jiki ya ƙi ta, dangi su fara cewa ai dama jininsu bai haɗu ba, ko ai bai sha magani daidai ba.

Abin da ya fara kwantar min da hankali labarin wani dashe ne da aka yi a Shikago ta Amurka, likitocin suka wallafa shi a 2012. Wani saurayi ɗan shekara 27 mai FSGS ƙanwarsa ta ba shi ƙoda, cikin kwanaki furotin ya fara zuba, aka yi magani abin bai tsaya ba, a kwana na 14 da yardarsu aka cire ƙodar aka dasa wa wani dattijo ɗan shekara 66 wanda ciwon suga ne ya kashe masa tasa. Ƙodar nan da ta fara lalacewa sai ta warware a jikin dattijon, furotin ya ragu, ta ci gaba da aiki. Na karanta labarin nan ya fi sau goma, na kai wa ƙanina nace ka gani, ƙodar ba ta da laifi kuma kai ma ba ka da laifi, wani abu ne yake yawo a cikin jini. Ranar ne muka iya yin magana kamar da. Ina tambayarku tsakani da Allah, me ya hana a ba mu irin labarin nan tun kafin a kai mu ɗakin tiyata?

Kuma ba sabon abu bane da za a ce ilimi bai kai wurin ba. Dashen ƙoda na farko da ya yi nasara a duniya, wanda Dokta Joseph Murray ya jagoranta a Boston ranar 23 ga Disamba 1954, tsakanin tagwaye ne masu kama ɗaya, Ronald Herrick ya ba ɗan'uwansa Richard. Babu maganar jiki ya ƙi ƙoda tunda halittarsu ɗaya ce, Richard ya tashi ya yi aure ya haifi 'ya'ya, ya yi shekara takwas, amma ciwon ƙodarsa na asali ya dawo cikin wadda aka dasa masa, ya rasu a 1963. Wato tun ranar da aka fara dashe matsalar nan tana tare da shi. A 2002 ma an wallafa wani babban bincike daga Ostareliya a kan mutum 1,505 da kumburin matatan ƙoda ya kai su ga dashe, aka ga cikin shekara 10 wajen kashi 8 cikin 100 sun rasa ƙodar saboda dawowar ciwon, shi ne dalili na uku mafi yawa, bayan jiki ya ƙi ƙoda a hankali da kuma mutum ya rasu ƙodar tana aiki. Abin da yake na uku ai ya ci a ce yana da nasa zaman na musamman da mara lafiya.

Na san amsar da wasunku za su bayar, don wata likita mai kirki ta faɗa min da bakinta, tace in muka faɗi komai mutane tsorata suke, mai bayarwa ya janye, mara lafiya ya ci gaba da zama a kan injin wanki har ya mutu alhali dashen ya fi masa. Na fahimce ta kuma na yarda dashe ya fi wanki nesa ba kusa ba, na ga bambancin da idona. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutumin da ya yarda a yanka cikinsa a cire masa ƙoda lafiyayya ba yaro bane da za a ɓoye masa lissafi, kuma lissafin ma ai ba duka ne mai ban tsoro ba, in 1 cikin 3 yana dawo musu toh 2 cikin 3 fa ba ya dawowa, kuma cikin waɗanda ya dawo wa ɗin da yawa magani yana kama su in an fara da wuri. Da an faɗa min da zan bayar. Abin da zai bambanta shi ne da na tambaya ko injin sauya ruwan jini, wanda ake maganin ciwon da shi in ya dawo, yana nan a shirye, da na sa ido a kan fitsarinsa tun daren farko, da ban ce wa kumburin fuskarsa barci ba.

Shekarun nan da na yi ina raka shi asibiti na zauna a layi da mutane iri-iri, kowa da sunan nasa ciwon in ya sani, kuma da yawa ba su sani ba. Akwai masu ciwon IgA, inda wani sojan garkuwar jiki yake taruwa a matatan ƙoda, wanda wani likitan Faransa Jean Berger ya fara bayaninsa a 1968, shi wannan ba ya zuwa da gaggawa irin na ƙanina, lallaɓowa yake, sai an yi shekara biyar ko goma mutum ya saki jiki ya fara tsallake ranar ganin likita sannan jini ɗan kaɗan wanda ido ba ya gani ya fara fita a fitsari, furotin ya biyo baya. Wajen mutum 1 cikin 4 zuwa 1 cikin 3 yana dawo musu in aka bi su shekaru da yawa. Wata baiwar Allah da muke haɗuwa da ita shekararta takwas da dashe, tace ita tunda kiriyatinin ɗinta yake kyau ba ta ga amfanin kai fitsari lab ba, babu wanda ya taɓa ce mata a irin nata ciwon fitsarin ne yake fara magana kafin jini. Hakkinku ne ku faɗa mata wannan, kuma ku maimaita duk shekara don mutum yana mantawa in ya ji sauƙi.

Akwai wanda kuke kira membaranos, shi ma furotin yake zubarwa jiki ya kumbura. Shi kam Allah Ya kawo sauƙi tunda a 2009 aka gano cewa a yawancin masu shi wani sojan garkuwar jiki ne yake kai hari kan wani abu a jikin matatan da ake kira PLA2R, kuma ana iya auna sojan nan a jini. In yana da yawa kafin dashe haɗarin dawowa ya fi girma, ana iya bibiyarsa bayan dashe, ana kuma da magani irin rituksimab da yake aiki ga da yawa. Toh in akwai gwajin jini da zai nuna hanya, dan Allah a yi shi kafin a sa ranar tiyata, in babu shi a asibitinku ku faɗa wa mutum akwai shi a wani wuri ya san abin da zai yi.

Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne na ɓangaren garkuwar jiki da kuke kira kwamfilimen, irin su C3G da aHUS. C3G, wanda wani furotin na garkuwar jiki yake taruwa ya lalata matatan ƙoda, yana dawo wa fiye da rabin masu shi. aHUS kuma jini ne yake daskarewa a ƙananan jijiyoyin ƙoda, a da in matsalar daga wani furotin ne da hanta take yi mai suna fakto H, yawanci sabuwar ƙodar ba ta daɗewa, sai da maganin ekulizumab ya samu amincewa a 2011 lamarin ya sauya, duk da dai ba kowa ke iya samunsa ba. Abin da ya sa na kawo shi nan, ciwon yana bin gado, ɗan'uwan da ya zo da zuciya ɗaya zai bayar da ƙoda ƙila shi ma yana ɗauke da irin ƙwayar gadon bai sani ba, a cire masa ɗaya daga baya ciwon ya tashi a kan ɗayar da ta rage. Gida ɗaya a yi asarar mutum biyu. A nan sanin sunan ciwon kariya ce ga mai bayarwa ma, ba mai karɓa kaɗai ba.

Sai wani da bana mantawa, na yaran da tun suna ƙanana suke ta fitar da tsakuwa a fitsari har ƙoda ta mutu. A wasunsu matsalar gaba ɗaya ba a ƙoda take ba, hanta ce aka haife su da ita tana yin wani gishiri mai suna okzalet fiye da kima, shi yake taruwa ya toshe ƙoda, har ƙashi da zuciya yana shiga. In ba a gane ba aka dasa ƙoda kawai, okzalet ɗin da ya taru a jiki sai ya sauko kan sabuwar ya cika ta, akwai waɗanda sai bayan ƙodar ta lalace aka yi bayofsi sannan aka san abin da yake damunsu tun farko. Shi ya sa ake haɗa musu dashen hanta da ƙoda, kuma tun 2020 akwai allurar lumasiran da take rage yawan abin da hantar take yi. Yaro mai tarihin tsakuwa tun yarinta, ko wanda 'yan'uwansa ma suke da ita, tambaya ɗaya ce za ta sa a tsaya a bincika kafin uwa ta kwanta a cire mata ƙoda.

Ciwon suga da hawan jini kuwa kowa ya san su amma mutane sun ɗauka dashe ya raba su da su. Sugan da ya ci ƙoda biyu yana nan, zai fara taɓa ta ukun a hankali in ba a riƙe shi ba, ga shi magungunan dashen kansu irin takrolimus da firednisolon suna tayar da suga har ga wanda bai taɓa yi ba. Masu sikila ma jininsu bai sauya ba don an sauya ƙoda.

Kuma dan Allah in za ku faɗi mai ɗaci ku haɗa da mai daɗin, don akwai shi. Ciwon ƙoda mai ƙuraje masu ruwa da ake gado, wanda ƙoda take cika da jakunkuna ta yi girma, ba ya kama sabuwar ƙoda sam, sai dai a binciki ɗan'uwan da zai bayar ko shi ma yana da shi. Ciwon Alport, wanda shi ma gadonsa ake yi kuma yakan zo da kurumta, ba ya dawowa, illa 'yan kaɗan da garkuwar jikinsu take yi wa sabuwar ƙodar wani hari na daban. Lufus, ciwon da garkuwar jiki take juyowa ta far wa jikin mai ita, ba kasafai yake dawowa da ƙarfi ba in an jira ya lafa kafin dashe. Ciwon anti-GBM, inda wani sojan garkuwar jiki yake kai wa matatan ƙoda hari, in aka jira sojan da ke kawo shi ya ɓace daga jini na wata shida da wuya ya dawo. Ko FSGS ɗin ma ba duka ɗaya bane, wanda ya samo asali daga ƙwayar gado da wuya ya dawo, wanda ake jin tsoro shi ne irin na ƙanina, wanda ya fara tun yarinta da kumburi mai yawa, ya ji magani da farko daga baya ya daina ji, ya kai ga wanki cikin 'yan shekaru. Duk alamun nan suna cikin tarihinsa. Mai irin ciwon da ba ya dawowa in kun faɗa masa kun sauke masa dutse daga ƙirji, don shi ma yana jin labarin irinmu yana kwana da fargaba a banza.

Yanzu bari na zo kan abin da ya fi damuna, mutanen da aka yi wa dashe ba tare da an san abin da ya kashe musu ƙoda ba. Ka tambayi mutum a layi me ya same ka, yace hawan jini aka ce. Saurayi ɗan shekara 22 hawan jini? Ku kun fi ni sanin cewa sau da yawa ciwon ƙodar ne ya kawo hawan jinin, an dai tarar da su tare ne aka rubuta wanda aka gani. Na san uzurin, mutane suna zuwa a makare, ƙoda ta riga ta ƙanƙance ta zama tabo, bayofsi a lokacin haɗari ne kuma ba zai nuna komai ba. Gaskiya ne. Amma ko a hakan akwai abin yi, a zauna a tambayi mutum ko ya taɓa kumbura yana yaro, ko fitsarinsa ya taɓa yin ja bayan mura ko ciwon maƙogwaro, ko akwai mai ciwon ƙoda ko kurumta a danginsu, ko ya taɓa fitar da tsakuwa, a nemo tsofaffin takardunsa, inda hali ya yi a yi gwajin ƙwayoyin gado. Tun 2010 aka gano ƙwayar gadon APOL1 da take ƙara haɗarin ciwon ƙoda ga mutanen da asalinsu Afirka ta Yamma ne, kuma ita a dashe an ga cewa ta jikin mai bayarwa tana da tasiri a kan daɗewar ƙodar, wannan ma magana ce da ya kamata dangi su ji. In kuma duk an yi ba a gano ba, ku faɗa a fili, ku ce ba mu san abin da ya ci ƙodarka ba don haka za mu sa ido sosai a kan sabuwar. Wallahi mun fi son jin haka a kan a ba mu sunan da aka rubuta don cike gurbi a fom.

Su kuma likitocin da suke ganin mutum tun ciwon yana ɗanye, tun yana zuwa da kumburin ƙafa da kumfa a fitsari ƙodarsa tana aiki, ku ne kuke da damar da babu mai sake samunta. Bayofsin da kuka yi a lokacin shi ne zai yi wa mutumin nan amfani bayan shekara goma ranar da za a yi masa dashe. Ku ba shi kwafin sakamakon a hannunsa, ku rubuta masa sunan ciwon a takarda da manyan haruffa ku ce ya adana. Mutane da yawa a wani asibiti ake musu dashe, wasu a wata ƙasa ma, su dawo wajen likitan da bai ga tiyatar ba, can ba su san farkon labari ba nan ba su san tsakiyarsa ba, mara lafiya ne kaɗai yake yawo da labarin gaba ɗaya kuma shi ne ba a yi wa bayani ba.

Bayan dashe kuma ina roƙonku ku daina tsayawa a kan kiriyatinin kaɗai. Mu duk lambar nan muka sani, in ta yi kyau sai murna a tafi gida, alhali a yawancin ciwukan nan furotin ko jini a fitsari ne yake riga ta motsi, wani lokacin da watanni. Ga mai FSGS a auna furotin ɗin fitsari kafin tiyata don a san wanda tsofaffin ƙodojinsa suke zubarwa, sannan a riƙa aunawa kullum a kwanakin farko, ba sai shi ya ga kumfa ya kira nas ba. Ku koya wa mutum alamun da bakinku, kumfa da ba ta kwanciya, kumburin fuska da safe ko ƙafa da yamma, nauyi ya ƙaru cikin kwana biyu, fitsari ya yi ja ko ya ragu, awon jini ya hau, ku ce masa in ya ga ɗaya kar ya jira ranar da aka rubuta masa a kati. In za a yi bayofsi kuma a yi shi cikakke, don na koyi cewa FSGS in ya dawo da farko-farko madubin lab na yau da kullum ba ya nuna komai, naman sai ya fito kamar lafiyayye, sai madubin ilektiron, wanda ya fi shi ƙarfin gani nesa ba kusa ba, ne yake nuna 'yan yatsun matatan sun baje, haka IgA da C3G sai an yi musu rini na musamman ake ganinsu. In ba a yi waɗannan ba sai a ce wa mutum ba a ga komai ba ya koma gida ciwo yana ci.

Sannan wata magana ƙarama amma tana da ciwo. In mutum ya zo ƙodarsa ta fara samun matsala, dan Allah kar tambayar farko ta zama "ka daina shan magani ko?" cikin faɗa. Na san akwai masu wasa da magani kuma dole ku tambaya, amma akwai yadda ake tambaya. Ƙanina agogo biyu yake saitawa saboda takrolimus, ko minti goma bai taɓa bari ya wuce ba, ranar da wani ya jefa masa tambayar nan a gaban mutane har muka isa gida bai ce uffan ba. Kuma mai bayarwa ma ku riƙa tunawa da shi bayan an sallame shi, a kira shi gefe da izinin mara lafiyan a yi masa bayani shi kaɗai, don akwai tambayoyin da ba zan iya yi a gaban ƙanina ba, kamar in ce in ƙodar ta mutu fa, sai a ga kamar ina nadama alhali so nake kawai na sani.

Ƙanina an yi masa sauyin ruwan jini, injin yana ware ruwan ɗorawar nan na jini ya zubar a mayar masa da wani, an yi ta yi har na daina ƙirgawa, aka ƙara masa da rituksimab. Furotin ya ragu sosai amma bai taɓa ɗaukewa duka ba. Alhamdulillahi ƙodar ta riƙe shi shekara huɗu yanzu, ya koma karatu ya gama, ya yi ƙiba har kayansa na da sun masa kaɗan, shekara huɗun nan ko su kaɗai na samu wallahi ban yi asara ba kuma ku ne sila, Allah Ya saka muku da alheri. Amma tun bara lambar kiriyatinin ɗinsa ta fara hawa a hankali, bayofsin ƙarshe ya nuna tabo ya yi yawa, an fara yi mana maganar shirin komawa wanki da kuma dashe na biyu.

Autarmu shekararta 24, ta riga ta je an auna rukunin jininta ba ta faɗa wa kowa ba sai da sakamako ya fito, tace "Yaya ke kin yi naki, saura ni." Ni na karanta na sani cewa wanda ya rasa ƙodar farko saboda FSGS ya dawo, haɗarin ya sake dawowa a ta biyu yana iya kaiwa kashi 80 cikin 100. Na gwada faɗa mata sau biyu, tana ganin kamar so nake na hana ta, shi kuma ƙanin nawa yace ba zai karɓa ba, gidan dai yanzu kowa yana magana da kowa a hankali. Wata mai zuwa za ta zo ta zauna a gaban ɗayanku. Ban ce ku hana ta ba kuma ban ce ku ƙarfafa ta ba, ku dai zaunar da ita ita kaɗai, ku faɗa mata lambar nan da bakinku, ku faɗa mata abin da za a iya yi kafin tiyata da bayanta da abin da ba za a iya ba, ku gaya mata ko jiran ƙodar wanda ba ɗan'uwa ba ya fi a irin wannan halin, sannan ku ba ta lokaci ta je ta yi tunani ta dawo.

Wassalam, daga wata 'yar'uwarku mai ƙoda ɗaya.